Ƙuma, kaska da tsutsa a jikin kare da kyanwa: amsoshin likitan dabbobi

Assalamu alaikum. Tun da damina ta kankama, yawancin saƙonnin da ke iso ni kan ƙwarin da ke damun karnuka da kyanwoyi ne. Na fara da na wata baiwar Allah daga Marwa, domin abin da ya same ta na sha ganin irinsa, kuma sau da yawa dabbar ba ta tashi.

Daga Marwa: Likita, maigidana yana da shanu, akwai ragowar maganin kaska da ake zuba musu a gadon baya. Ƙuma ta dami kyanwata, sai na ɗiga mata kaɗan a wuya. Kafin la'asar ta kama karkarwa, yawu na dalala. Bayan kwana biyu ta farfaɗo. Me ya faru, kuma me ya kamata in sa mata?

Hajiya, ki gode wa Allah, kyanwar nan da sauran kwananta a gaba. Yawancin magungunan da ake zuba wa shanu a baya dangi ɗaya ne. A jikin kwalba za ki ga an rubuta da Faransanci cyperméthrine, ko deltaméthrine, ko ɗan'uwansu perméthrine wanda ake sawa a wasu magungunan karnuka. Hantar saniya da ta kare tana iya sarrafa su ta fitar. Hantar kyanwa ba ta da wannan ƙarfin, sai maganin ya taru ya bugi jijiyoyinta. Shi ne karkarwar da kika gani, da zubar yawu, da fizgar kunne da fatar baya, wani lokaci har da jijjiga irin ta farfaɗiya. Ko kare aka sa wa perméthrine, idan suna kwana wuri ɗaya da kyanwa ko tana lasarsa, a raba su kwana uku.

Duk wanda hakan ta same shi, ya wanke kyanwar nan take da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulun wanke-wanke, ya goge ta ta bushe, ya naɗe ta a zane, ya nufi likitan dabbobi da kwalbar a hannunsa. Kada a ɗura mata madara ko manja. Dabbar da ke jijjiga ba ta iya haɗiya daidai, abin sai ya bi ta huhu. Babu allurar da ke karya wannan guba kai tsaye. Abin da muke yi shi ne mu tsayar da jijjigar, mu yi ƙarin ruwa, mu lura da zafin jikinta har maganin ya fita.

Wanda ya dace da ita kuwa, ki nemi mai fipronil, ko imidaclopride, ko sélamectine, kuma ki tabbata an rubuta chat (kyanwa) a kwalin, ba chien (kare) ba. Yana zuwa a ɗan mazubin roba. Ki buɗa gashin ƙeyarta har ki ga fata, ki matse shi duka a nan inda harshenta ba ya kaiwa, sau ɗaya a wata. Idan kina kiwon zomaye, kada fipronil ya kusance su, yana kashe su. Kuma tunda muna maganar hantar kyanwa, kada a taɓa ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya ta isa ta halaka ta.

Daga Garwa: Ina da kare mai gadin gida. Na sayi maganin ƙuma na sa masa, mako biyu kawai suka dawo, yanzu har yara suke cizo a ƙafa. Jabu aka sayar mini?

Malam, mai yiwuwa ne, domin jabu yana yawo, kuma ko na kirki ne, idan ya sha ranar Maris da Afrilu a kan teburin kasuwa ƙarfinsa yana raguwa. Amma na fi zargin tsakar gidanka. Ƙumar da kake gani a jikin kare kaɗan ce ƙwarai cikin abin da ke gidan, kamar biyar cikin ɗari. Tamatar ƙuma tana iya zuba ƙwai 40 zuwa 50 a yini, kuma ƙwan ba ya manne wa gashi, zubowa yake yi duk inda karen ya kwanta: ƙarƙashin mota, bayan randa, zaure, gindin darbejiya. Ya ƙyanƙyashe ya zama 'yar tsutsa mai gudun haske, ta shige ƙura, ta saƙa wa kanta kwanso. A cikin kwanson nan magani ba ya isa gare ta, kuma tana iya yin watanni tana jira har ta ji ɗumin jiki ko takun tafiya. Waɗanda ka gani bayan mako biyu sababbin fitowa ne.

Saboda haka aikin na wata uku ne a jere, ba fashi. Duk kare da kyanwar da ke gidan a yi musu rana ɗaya, kowa da nasa maganin. A riƙa share makwancinsa kullum ana ƙona sharar, buhu ko tsumman da yake kwanciya a kai a wanke da ruwan zafi a shanya a rana tsaka. Inuwa da laima ƙumar ke so, filin da rana ke duka ba ya riƙe ta. Idan na ɗigawa ka sa, kada a yi masa wanka kwana biyu kafin nan da kwana biyu bayan nan, domin ta maiƙon fata maganin ke bazuwa. Akwai kuma na ci: NexGard na wata ɗaya, Bravecto na mako 12. Suna da tsada kuma ba ko'ina ake samu ba, amma wanka da ruwan sama ba sa wanke su. Karen da ya taɓa yin farfaɗiya, a gaya wa likita kafin a ba shi.

Duk waɗannan da nauyin dabba ake auna su, ba da ido ba. Ka hau ma'auni ɗauke da karen, ka sake hawa kai kaɗai, ka cire. Abin da nake roƙonka da shi, kada maganin feshin auduga ko fiya-fiya ya taɓa jikinsa. Yana shiga ta fata, karen yana lasa, yaran da ke wasa da shi suna shafa su kai baki.

Daga Ngaundere: Ina ganin wasu abubuwa farare kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin wutsiyar kyanwarmu, har motsi suke. Yarana suna kwana da ita. Akwai haɗari?

'Yar'uwa, gaɓoɓin tsila ne, idan sun bushe sai su koma kamar riɗi. Wannan nau'in ta hanyar ƙuma yake shiga: kyanwa tana lasar jikinta ta haɗiye ƙuma mai ɗauke da shi. Yaro ma ba ya kamuwa don ya taɓa kyanwar, sai in shi ma ya haɗiye ƙumar, abin da kan faru jefi-jefi ga masu rarrafe, kuma yana jin magani. Maganinta praziquantel ne, miligiram 5 ga kowane kilo, sha ɗaya. Ivermectine da mutane ke ɗauka maganin kowace tsutsa ce ba ta taɓa tsila. In ba a kashe ƙumar ba, cikin 'yan makonni za ki sake ganin shinkafar.

Wadda ta fi ba ni tsoro game da yara ita ce doguwar tsutsar hanji, wadda ƙwanta ke fita a kashin dabba ya zauna cikin ƙasa. A riƙa kwashe kashin kullum, a rufe yashin da yara ke wasa, a wanke musu hannu kafin cin abinci. Kwikwiyo yakan zo da tsutsar tun daga cikin uwarsa, shi ya sa ake ba shi pyrantel yana da mako 2, a maimaita a mako 4, 6 da 8, sai wata-wata har ya kai wata shida, daga nan duk wata uku. Ɗan kyanwa daga mako 3 ake fara masa.

Daga Kusiri: Gashin karena ya zube a kunne da gwiwa, yana susa dare da rana. An ce in shafa masa baƙin mai. In shafa?

A'a, ɗana, kada ka shafa. Baƙin mai yana ƙona fatar da dama ta yi rauni, karen ya lashe shi ya taɓa masa ciki da hanta, gashin ya daskare a wannan zafi namu. Kananzir ma haka. Yadda ka kwatanta ya yi kama da ƙazwa, wadda wasu ƙwari da ido ba ya gani ke haddasawa, suna haƙa rami cikin fata. Tana iya sa ku ma ƙaiƙayi a hannu da ciki na ɗan lokaci. Sai dai makero ma yana zubar da gashi, shi kuma maganinsa daban ne. Likita yakan kankari fatar kaɗan ya duba a madubinsa ya bambance. In ƙazwa ce, ƙwayoyin nan biyu da na ambata wa mai tambaya daga Garwa suna kashe ta sarai. Allurar ivermectine ma tana aiki, amma a bar wa likita awonta, domin kwalbar ta shanu ce, ɗan ƙari kaɗan kan sa kare makanta da tangaɗi, wasu karnukan Turai masu kiwon tumaki kuma ba sa jure ta. Wankan amitraze shi ma hannun likita yake so, kuma ba a yi wa kyanwa ko doki.

Daga Injamena: Kullum ina cire wa karena kaska a kunne da tsakanin yatsu. Kwanan nan ya daina cin abinci, fitsarinsa ya yi ja. Makwabcina makiyayi ya ce a yi masa allurar sammore.

Alhaji, ɗaga leɓensa ka dubi dasashi. Idan ya yi fari ko ɗorawa-ɗorawa, jininsa ne ke ƙarewa, ka kai shi yau, kada ka jira gobe. Kaska tana sa wa kare cututtukan jini iri biyu da muke yawan gani. Ɗaya tana fasa ƙwayoyin jini, ita ke kawo jan fitsari. Ɗayar tana kawo zazzaɓi da haɓo, ana shan doxycycline kusan mako huɗu a kanta. Allurar da makwabcinka ke nufi diminazène ce. Gaskiya ne tana maganin ta farkon, amma a jikin kare tazarar da ke tsakanin awon da ke warkarwa da wanda ke kisa 'yar kaɗan ce. In aka zarce, ko aka maimaita da wuri, ƙwaƙwalwa take bugawa, kuma ba a dawowa daga nan.

Kaskar kare ba ta daji ba ce, 'yar gida ce. Idan ta ƙoshi sai ta sauka ta hau bango, ta shige tsaga, ta zuba dubban ƙwai. Ka duba tsagogin katanga da na ɗakin karen, a liƙe su da siminti ko laka, a yi feshi lokacin da dabbobi da yara ba sa wurin. Wajen cirewa, ka kama ta da hantsaki daf da fata ka ja a hankali, ba ƙonawa, ba murjewa da yatsa.

Daga wajen Yagwa: Ni masunci ne a bakin Logon. Wata farar tsutsa kamar zare tana fitowa daga ƙafar karena. Wane magani zan saya?

Baba, wannan kam kada ka kashe kuɗinka, babu maganin kanti da ke kashe ta. Ina kyautata zaton kurkunu ce. A 2012 aka fara gano ta a jikin karnuka a Cadi, a ƙauyukan bakin kogin Shari, a 2019 kuma karnukan da aka ƙirga da ita a ƙasar sun kusa 2,000. Kamaru ta samu shaidar rabuwa da cutar a 2007, amma ta sake ɓulla a yankin Gere, nan kusa da ku. Kare yana ɗaukarta daga ruwan tafki mai ƙananan ƙwarin da ke goyon ta, ko daga ɗanyen kayan cikin kifi da kwaɗi, sai bayan kusan shekara ta fito.

Ka ɗaure shi yanzu a inuwa, nesa da kogi da tafki, da ruwan sha mai tsabta da abinci, har tsutsar ta gama fita mikin ya warke. Duk sanda ƙafar nan ta taɓa ruwa, tsutsar tana sakin dubban 'ya'ya cikin ruwan da iyalinka ke sha. Kada ka fizge ta, in ta tsinke a ciki ƙafar kumbura take ta yi ruwa. Ka sanar da asibiti mafi kusa ko ma'aikacin yaƙi da kurkunu na ƙauyenku, su ne za su zo su riƙa naɗe ta kaɗan-kaɗan, su ɗauki samfuri, su sa magani a tafkin. Kayan cikin kifi kuma daga yau a haƙa rami mai zurfi a binne, kada a watsa wa karnuka a bakin ruwa.