Kano da Ibadan: wace ce ta fi wuraren shan iska masu itatuwa?

Malam, ka tambayi wanne birni ya fi lambuna da wuraren shan iska tsakanin Kano da Ibadan, tunda yawan jama'arsu bai yi nisa da juna ba. A ganina Ibadan ce kan gaba.

Tana da lambun Agodi, wanda aka buɗe a 1967, ambaliyar kogin Ogunpa ta lalata shi a 1980, daga baya aka gyara shi. Akwai kuma lambun tsirrai na Jami'ar Ibadan da kurmin da ke harabar cibiyar binciken noma ta IITA, sai dai ba kowa ke shiga wannan kurmi kai tsaye ba.

A Kano, Gidan Zoo na Audu Bako ne wurin da iyalai ke tururuwa da yara lokacin Sallah, alhali gine-gine sun cinye filaye da kududdufai da dama na cikin gari, abin da ke damuna ƙwarai. Amma a yi wa Kano adalci: damina a Ibadan ta fi tsawo, bishiya na kamawa da kanta, a Kano kuwa dashen darbejiya sai an yi ta ba shi ruwa duk rani, an kuma kange shi daga awaki.