Tambaya da Amsa: Malam, fomulolin silinda da kon da ƙwallo sun cakuɗe min a kai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya da iyali. Ni ɗaliba ce a aji biyu na babbar sakandare, shekara mai zuwa in Allah ya kai mu zan rubuta WAEC da NECO. Matsalata a lissafi ita ce wannan babin na safes eriya da bolum. Na haddace fomulolin duka wallahi, amma da na shiga jarabawa sai su cakuɗe, in rasa wanne ne na silinda wanne ne na kon, wanne ne mai ɗan 2 a sama wanne ne mai 3. A gwajin da aka yi mana na lissafa ruwan tanki amsata ta ninka ta malaminmu sau huɗu kuma har yau ban san inda na kuskure ba. Don Allah a taimaka min.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka ya ba ki sa'a. Kuskuren tankin nan na gane shi tun kafin in gama karanta saƙonki, zan zo kansa. Amma bari mu fara da haddar, don can ciwon yake.

Abubuwa biyu ake tambayarki a babin nan gaba ɗaya, biyu kacal. Na farko, in za a yi wa abu fenti, ko a naɗe shi da takarda, ko a ƙera shi da kwano, nawa zai ci? Wannan faɗin jikinsa ke nan na waje, fatarsa, shi ne safes eriya. Na biyu, in za a cika shi da ruwa ko gero ko yashi nawa zai ɗauka? Wannan girman cikinsa ne, shi ne bolum. Maƙerin da zai ƙera tanki na farkon ne ya dame shi don kwano zai saya, mai gidan da zai zuba ruwa kuwa na biyun yake so ya ji. Kafin ki ɗora biro a takarda ki tambayi kanki, yanzu ni maƙeri ce ko mai ruwa? Kuma daga nan ne 2 da 3 ɗin da ke rikita ki suka fito. Fata shimfiɗa ce, tsawo sau faɗi, awo biyu, sai a rubuta cm². Ciki kuma tsawo sau faɗi sau zurfi, awo uku, cm³. Saboda haka duk fomular da kika ga r sau r kawai, ko r sau h (r shi ne awo daga tsakiyar da'ira zuwa gefe, h kuma tsayi), ta fata ce, wadda kuma kika ga awo uku a ciki kamar r sau r sau h, ta ciki ce. Ko kin manta komai wannan ƙirgen zai tsamo ki.

Yanzu tashi ki shiga kicin ki ɗauko gwangwanin madarar gari ko na tumatir, irin mai takarda a manne a jiki, siffarsa ita ce silinda, da gaske nake, ki ɗauko. Ki sa reza ki tsaga takardar daga sama zuwa ƙasa ki ɓare ta ki shimfiɗa a tabarma. Me kika gani? Takarda ce mai kusurwa huɗu kamar shafin littafinki, duk lanƙwasar nan ta tafi. Tsayinta tsayin gwangwani ne, tsawonta kuma shi ne kewayen bakin gwangwanin tunda ita ce ta zagaye shi. Kewayen da'ira kin sani tun ƙaramar sakandare, 2πr. To sau tsayi, 2πrh. Fomular da kika sha wahalar haddacewa ke nan, ga ta a shimfiɗe a gabanki. Saura murfi da gindi, da'irori biyu, kowanne πr².

Mu sa lamba. A ce daga tsakiyar bakin zuwa gefe santimita 7 ne, shi ne r, tsayi kuma 10, mu ɗauki π a matsayin 22/7. Kewaye 44, sau 10, takardar jiki 440 cm². Murfi 154, gindi 154. Duka 748 cm². Amma ki buɗe ido, masu shirya jarabawa suna son su ce gwangwanin a buɗe yake ta sama, to a nan murfi babu, 440 da 154, amsa 594. In kuma bututu ne ko fayif ɗin ruwa babu murfi babu gindi, 440 kawai. Wanda ya haddace fomula ɗaya zai zuba ta a duka ukun ya faɗi biyu, wanda ya ɓare takarda da hannunsa shi ƙirga fuskoki kawai zai yi.

Cikin gwangwanin ya ma fi sauƙi. Ki ɗauka faifai ne ake ta jerawa ɗaya kan ɗaya har su kai baki. Faɗin gindi sau tsayi, 154 sau 10, 1540 cm³. Kuma wannan ƙa'idar ba ta silinda kaɗai ba ce, duk abin da ya tashi a miƙe daga gindi zuwa sama bai tsuke ba bai buɗe ba, kwali ne, bulo ne, rijiya ce, ɗaki ne, faɗin gindi sau tsayi. Fomuloli wajen huɗu na littafinki sun koma ɗaya.

To ga tankinki. Ban ga takardar tambayar ba amma amsar da ta ninka sau huɗu cif, kusan kullum abu ɗaya ne ke jawo ta: an ba ki faɗin baki gaba ɗaya daga gefe zuwa gefe, dayamita, ke kuma kika sa shi a gurbin r ba ki raba biyu ba. Duba ki gani. Tanki mai faɗin baki mita 1.4, tsayi mita 2. Rabin 1.4 shi ne 0.7, faɗin gindi 22/7 sau 0.7 sau 0.7, ya ba da 1.54, sau 2, 3.08 m³. In kika manta kika sa 1.4 za ki samu 12.32, kin ga sau huɗu daidai, saboda r sau biyu yake shiga lissafin, kuskuren ninki biyu ya haɗu da wani ninki biyun. Ni a aji dokata ita ce, da ka karanta tambaya abu na farko da za ka rubuta a gefen takarda shi ne r daidai yake da kaza, kafin fomula kafin komai. Shekara da shekaru ina makin takardun yara kuma makin da ake zubarwa a wannan wuri ɗaya yana ba ni takaici sosai, yaro ya iya aikin tun daga sama har ƙasa amma rabawa biyu ta kayar da shi.

Sannan ki riƙe wannan da kyau don za ki yi amfani da shi har bayan makaranta: 1000 cm³ lita 1 ne, 1 m³ kuma lita 1000. Wato tankin nan lita 3080 yake ci, in da jarkar 'yan garuwa mai lita 25 za a cika shi sai an juye 123 da ɗan ƙari. Gwangwaninmu na ɗazu kuma lita ɗaya da rabi da ɗigo. Inda yara ke zamewa shi ne su ce tunda mita 1 santimita 100 ce to 1 m³ ma 100 cm³ ne. A'a fa. Ɗari ta tsawo, ɗari ta faɗi, ɗari ta zurfi, 1,000,000 ke nan. Shawarata ki mayar da duk awon zuwa abu ɗaya tun farko, ko duka mita ko duka santimita, kada ki bari sai ƙarshe.

Sai kon, wato siffar mazurari, ko jinkar ɗaki, ko tsibin gero in an zuba shi a ƙasa. Daga ina kashi ɗaya cikin uku ya fito? Kada ki yarda da ni, ki gwada. Ki naɗe takarda mai kauri ki yi mazurari wanda bakinsa daidai yake da bakin gwangwaninki kuma zurfinsa daidai da tsayin gwangwanin, ki liƙe da salatif, ki cika shi da gero ki shafe baki ki juye a gwangwani. Sau uku za ki juye ya cika. Ranar da na fara yin wannan a aji da yashi, yara suka taso daga kujeru suka zagaye tebur suna ƙirgawa da ƙarfi, ɗaya, biyu, a na ukun da yashin ya tsaya daidai baki wani yaro a baya ya ce Malam a sake, ya ɗauka dabara na yi. Aka sake, shi da hannunsa. Tun daga nan ban ga ɗan ajin ya manta 1/3 ba. Dala ma haka take, irin dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita a da, ko dalolin Masar, kashi ɗaya cikin uku ne na akwatin da ke da gindi da tsayi irin nata. Duk abin da ya tsuke ya ƙare da tsini, faɗin gindi sau tsayi a raba uku.

Tarkon kon shi ne tsayi biyu gare shi. Akwai na tsaye, h, daga tsini a sauko tsakiyar gindi kamar an saki igiya da dutse, akwai na gangare, l, wanda ke bin jiki daga tsini zuwa gefen baki. Mai jinka in zai sayi shuci gangaren yake aunawa don ciyawar a kansa take kwanciya, saboda haka fata da l take aiki, πrl. Ciki kuwa da h. In an ba ki ɗaya ana son ɗayan ki tuna r da h da l alwatika ce mai kusurwa a miƙe, ƙa'idar Faisagoras za ki kira, wato r² a haɗa da h² su ba da l². Misali r 7, h 24: 49 da 576 sun zama 625, tushensa 25, shi ne l. Fatar gefe 22/7 sau 7 sau 25, 550 cm². Ciki 154 sau 24 a raba uku, 1232 cm³.

Bokiti kuma, da suke son kawowa a ɓangaren tiyori, kon ne da aka datse wa tsini. Ki ƙarasa zanen har layukan gefe su haɗu, ki lissafa babban kon, ki cire ƙaramin da kika ƙara. Bokiti mai r 14 a baki, 7 a gindi, zurfi 24, tunda gindin rabin bakin ne to cikakken kon ɗin zurfinsa 48. Babban, da'irar bakinsa 616, sau 48 a raba uku, 9856, ƙaramin shi ne 1232 ɗinmu na ɗazu, saura 8624 cm³, lita takwas da rabi da ɗoriya. Ba sai kin ɗora wa kanki wata doguwar fomula ba.

Ƙwallo ce kaɗai zan ce ki haddace, don hujjarta ta fi ƙarfin ajinku a yanzu: fata 4πr², ciki 4/3πr³. Amma ita ma akwai abin gani da ido. Ki yanka lemo gida biyu daidai tsakiya, ki kifa rabin a takarda ki zagaye shi da fensir wuri huɗu, sannan ki ɓare bawon lemon duka ki gutsuttsura ƙanana ki jera a cikin da'irorin nan, za ki ga ya cika huɗun, kusan cif in kin yi a hankali. Huɗu sau πr² ke nan.

Wanda ya tabbatar da wannan da hujja shi ne Arkimidis, mutumin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda sojan Rum ya kashe a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Ya gano cewa in aka sa ƙwallo a cikin silinda da ta yi mata daidai, ta taɓa gefe ta taɓa sama da ƙasa, to ƙwallon kashi biyu cikin uku ce ta silindar, a ciki da kuma a fata duka. Abin ya faranta masa rai har ya nemi a sa wannan siffa a kan kabarinsa. Ni ma duk shekara in na zo nan a aji sai na ɗan tsaya, don abin yana da kyau ƙwarai. Gwada da r 7: silindar tsayinta 14, cikinta 154 sau 14, 2156, kashi biyu cikin uku 1437 da sulusi, ki sa fomular ƙwallo za ki samu wannan lambar. Fatar silinda 616 da 308, 924, kashi biyu cikin uku 616, fatar ƙwallon ke nan. Amfaninsa gare ki a ɗakin jarabawa, in fomular ƙwallo ta gudu ki zana mata gwangwani ki ɗauki biyu cikin uku.

Rabin ƙwallo kuma ƙwarya ce. In a buɗe take bayanta kawai ake so, 2πr². In a cike take kamar rabin kankana, akwai fuskar yankan, ki ƙara da'ira ɗaya, 3πr².

Ga aikin gida 'yata, ki yi ki turo min in duba. Rumbu ne jikinsa silinda, faɗin bakinsa mita 2.8, tsayin jikin mita 2, a kansa akwai jinka mai faɗin baki ɗaya da shi, tsayinta na tsaye mita 1.05. Hatsi nawa jikin rumbun zai ɗauka in an cika shi zuwa baki, a m³ sannan a lita, kuma faɗin jinkar da za a rufe da shuci nawa ne? Ki zana shi tukuna ko zanen bai yi kyau ba, ki rubuta r a gefe, kuma ki turo da duk matakan da kika bi, ba amsar kaɗai ba, don in ga daidai inda ƙafarki take zamewa. Ki gaida mutanen gida.