Tambaya da Amsa: Kogin bayan makarantarmu ya zama kwata, me zai koya wa yara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a firamare, ina riƙe da aji biyar. An ɗora mini koyar da halittun ruwa, da duwatsu da ƙasa, da tarihin gari. Akwai kogi a bayan makarantarmu, amma leda da ruwan kwata sun cika shi, an ma rufe wani sashensa da siminti. Ba mu da ɗakin gwaje-gwaje, shugaban makaranta kuma yana ɗari-ɗari da fitar da yara. Ta ina zan fara? Daga Malama H.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki daina ɗaukar aikin nan darussa uku. Darasi ɗaya ne, kuma tambaya ɗaya ce za ta riƙe shi: wannan abin daga ina ya zo? Yashi, tsutsa, leda, siminti, duk ita za a yi musu. Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa, kuma a ganina lalataccen kogi ya fi mai tsabta sa yaro tambaya.

Shugabanku yana da gaskiya. Kada yaro ya sa hannu ko ƙafa a ruwan. Ruwa mai kwanciya da ke da dodon-koɗi shi ke yaɗa tsargiya, tsutsarta kuwa ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Babba ne zai ɗebo, da guga da safar hannu. Ku je da rani, domin kogi kan cika farat ɗaya da ruwan da aka yi a can nesa, alhali ko ɗigo bai sauka a kanku ba.

Fara da ƙasa, ita ta fi sauƙi. Ki cika rabin farar kwalba da taɓon gaɓa, ki ƙara ruwa, ki ba yaro ya girgiza, a ajiye a taga. Cikin minti ɗaya yashi zai kwanta. Laka mai laushi za ta hau kansa bayan 'yan awoyi, yumɓu kuwa sai ya kwana, wani lokaci ya ƙara, ruwan na nan a gurɓace. Da safe za su tarar da hawa-hawa, ki ce musu haka wasu duwatsun suka samu, sai dai su sun ɗauki miliyoyin shekaru. Sannan ki ba kowa tsakuwa biyu, mai kaifi da mai sulɓi, su faɗi wacce ta fi yin tafiya.

In kogin yana da lanƙwasa, ku tsaya a nan. A auna mita 10 a gaɓa, a jefa kara, a ƙirga daƙiƙoƙi, a gefen waje da gefen ciki. Za su ga ruwan waje ya fi gudu, shi ke cin gaɓa, na ciki kuma yana zubar da yashi. Daga nan labarin kogin Nilu zai shige su: lakar da yake kwasowa daga tsaunukan Habasha ita ta ciyar da gonakin Masar dubban shekaru, har aka gama babbar madatsar Aswan a 1970, ta riƙa tare ta.

Halittu kuma, ki juye ruwan gugan da 'yan duwatsun ƙarƙashi a farin faranti, kowa ya yi shiru minti biyu. Abin da ake zato datti ne sai ya fara motsi. Idan jajayen tsutsotsi sirara da matsattsaku suka fi yawa, ruwan ba shi da isasshiyar iska, domin su ne masu jure ƙazanta. Idan iri-iri ne, har da 'ya'yan mazari, da sauran lafiya. A ɗebo a wuri biyu, gabanin inda kwata ke shiga da bayansa. Kada ki faɗa musu bambancin, su ƙirga su faɗa miki.

Simintin da ya dame ki, shi ne tarihin. Birane da yawa sun binne kogunansu. A Landan, kogin Fleet yana gudu a ƙarƙashin titi har yau, sunansa ya rage a kan wata shahararriyar hanya. A 1858 warin kogin Thames ya addabi majalisar dokoki, shi ya sa aka gina manyan magudanan ƙazanta. A Seul ta Koriya ta Kudu kuwa, an rufe wani rafi an ɗora babbar hanya a kansa, daga baya aka rushe hanyar a 2003, aka sake buɗe rafin a 2005. Yara kan yi mamakin jin cewa ana iya tone kogin da aka binne.

Tarihin kogin garinku yana bakin tsofaffi. Kowane yaro ya tafi gida da tambaya uku: ina ake ƙetarewa kafin gada, wane kifi ake kamawa, ina ambaliya ta taɓa kaiwa? Amsoshin za su saɓa wa juna, kada ki daidaita su. Ki zana kogin a babbar takarda, a rubuta kowace amsa a inda ta faru, a haɗa da tsohuwar taswira in ta samu.

Shugaban kuwa, ki kai masa tsarin a rubuce, da sunayen iyaye biyu ko uku da za su raka ku. In ya ƙi duk da haka, ki ɗauko hoton gaɓar a waya, guga da kwalba da farantin su shigo aji.