Jan Naman Kifin Salmon: Rini Ne Ko Gado?

Tambayoyi huɗu na zaɓo a wannan makon. Uku a kan kifin salmon ne, wanda yanzu ake sayarwa a manyan kantunan Wuse 2 da Maitama da tsadar da za ta sayi buhun shinkafa. Ɗaya a kan tafin hannun yaro ce, amma za ku ga duk jirgi ɗaya ya ɗauko su.

Wata Hajiya daga Gwarinpa: Likita, na dafa wa maigida salmon, sai ƙanwata ta turo min bidiyo a WhatsApp wai na kiwo fari ne fat, rina shi ake yi kamar atamfa. Guba muka ci ke nan?

Hajiya, kwantar da hankalinki, ba ku ci guba ba. Mai bidiyon ya faɗi rabin gaskiya ne, ya rufe rabi. Babu wanda ke tsoma naman kifin a ruwan rini. Launin daga abinci yake shiga, tun kifin yana raye.

Kin san bambancin gwaiduwar ƙwan kazar gida da na wasu kajin gona. Kazar da ke tsince-tsincen ganye ko cin masara ja, gwaiduwarta jawur take; wadda aka ɗora kan farar masara, tata a koɗe. Man shanun damina ma ya fi na rani rawaya, saboda ɗanyar ciyawa. Abin da ke ba da wannan launi wasu sinadarai ne dangin karotin, waɗanda tsirrai da gansakuka ke haɗawa. Na salmon sunansa astazantin. A teku gansakuka ce ke yin sa, ƙananan halittu irin jatan lande su ci gansakukar, salmon ya ci su, launin ya taru a tsokarsa. Na kiwo, wanda akasarinsa daga Norwe da Cile yake zuwa, yana cikin keji ne a teku, dunƙulen abinci ake watsa masa. Sai a zuba astazantin ɗin a ciki. Mafi yawansa a masana'anta ake haɗa shi, wani kuma daga yis ko gansakuka ake tatsowa. In ba a zuba ba, naman zai fito toka-toka.

Ba don ado kaɗai ba ne, domin kifin yana buƙatarsa wajen girma da lafiyar ƙwayayensa. Amma kasuwa ma da hannunta dumu-dumu. Akwai wani katin launi mai suna SalmoFan, mai lambobi daga 20 zuwa 34, da shi masu kiwo da dillalai ke daidaita irin jan da masu saye ke so, kamar yadda kike zaɓen zare wajen tela.

Tsoron da ke yawo yana da tushe, sai dai a wani sinadarin daban. Akwai ɗan'uwan astazantin mai suna kantazantin, wanda Turawa suka riƙa haɗiya a ƙwaya don fatarsu ta yi duhu. Masu shan sa da yawa an ga yana taruwa a can cikin idonsu. Saboda haka a 2003 Tarayyar Turai ta rage adadin da aka yarda a zuba a abincin salmon daga miligiram 80 zuwa 25 a kowane kilo. Shi kuwa astazantin, abin da ke cikin kilo guda na naman kifin kiwo bai cika wuce miligiram 10 ba. Ke kuwa na san ba kilo kuka cinye a zama ɗaya ba, a wannan farashi.

Wani Malam mai kiwon tarwaɗa a Kubwa: Na ga yanka biyu daga kwali ɗaya, wannan jawur, wancan a koɗe. Mai koɗewar ciwo ne da shi? Kuma in na zuba wa tarwaɗata wannan sinadari, naman zai yi ja in ƙara kuɗi?

Malam, tambayarka ta fi burge ni, don ta taɓo inda abin yake. Abinci kaɗai ba ya ja da nama. Kifin da ake busarwa a kawo mana daga Norwe, wanda muke kira okporoko, shi ma yana cin jatan lande a tekun nan guda, amma namansa fari ne. Yawancin kifaye a fata da ƙwai suke ajiye launin. Salmon da 'yan danginsa ne suka gaji ajiye shi a tsoka. Don haka ka riƙe kuɗinka, tarwaɗa ba za ta zama salmon ba.

Ko a jikin salmon ɗin, yawancin abin da aka zuba asara yake tafiya. Abin da ke isa tsoka bai cika kai kashi 15 cikin 100 ba. Wani ya fita a kashi, wani hanji da hanta su farfasa shi. To, a nan gado ke shigowa. Salmon ɗin Tekun Atlantika na ɓangaren Turai yana da ƙunshin ƙwayoyin gado tagwaye 29. An kammala karanta su a 2016, sannan a 2019 masu bincike a Norwe suka nuna cewa wani gurbi a ƙunshi na 26 yana da alaƙa mai ƙarfi da launin nama. Ƙwayoyin gado biyu ne a wurin, bco1 da bco1l, kuma ta biyun suka fi zargi. Aikinsu ƙera wani sinadari mai kama da almakashi, wanda ke datsa dangin karotin. Abin da aka datsa ya daina ba da launi. Kifi biyu a keji ɗaya, abinci ɗaya, amma almakashin da kowanne ya gada daban, sai naman ya bambanta.

Akwai misalin da ya fi wannan fitowa fili. A Alaska da yammacin Kanada akwai salmon na daji da ake kira Cinuk, wanda wasu daga cikinsa namansu fari ne tas, alhali suna cin abin da jajayen ke ci. An alaƙanta wannan da wata ƙwayar gadon, dangin bco2. Da masunta na raina farin, yanzu akwai gidajen abincin da ke nemansa musamman. Ita bco2 ɗin tana nan a tsakar gidanka: kaza mai rawayar ƙafa da fata, almakashin ne ba ya aiki a fatarta, sai launin masara ya taru.

Koɗewa na iya zuwa ta wata hanyar. Idan kifin ya balaga, launin kan bar tsoka ya koma fata da ƙwai. Duk wannan ba cuta ce mai kama mutum ba. Kuma kada a ce an cusa masa ƙwayar halitta ne ya yi ja. Norwe ta fara zaɓen iri tun 1971, ana haɗa iyaye masu halin da ake so, launi na cikinsu. Abin da Fulani ke yi ne wajen zaɓen bijimi, sai dai su da na'ura suke dubawa.

Wata uwa daga Nyanya: Ɗana shekararsa ɗaya da rabi. Tafin hannunsa da na ƙafarsa sun yi rawaya. Kakarsa ta ce shawara ce, za ta jiƙa masa sassaƙe. Yana son karas da fate mai manja.

'Yar'uwa, kafin komai ɗaga fatar idonsa a hasken rana ki duba. Idan farin idon fari ne, fitsarinsa bai yi duhu ba, yana wasa yana cin abinci, to mai yiwuwa launin karas da manjan ne ya taru a fata. Mu ma muna da BCO1, kuma ita ke datsa beta-karotin a hanji ta mai da shi bitamin A. In abin ya yi yawa, ko mutum ya gaji almakashi mara kaifi, ragowar sai ta kwanta a tafin hannu, tafin ƙafa da gefen hanci. Na sha ganin haka lokacin mangwaro, da kuma lokacin da karas ɗin Jos ya cika kasuwa. Ba ya cutarwa. Rage yawan, ba dainawa ba, zai washe cikin makonni, wani lokaci har watanni.

Shawara kuwa ido take fara kamawa. In kin ga idon ya yi rawaya, ko fitsari kamar shayi, ko kashi fari, ko zazzaɓi, to asibiti yau, ba gobe ba, musamman in akwai sikila a dangi. Jariri sabon haihuwa da ya yi rawaya ma ba a jira. Sassaƙen dai a lallaɓa Kaka ta ajiye. Hantar yaro ba wurin gwaji ba ce. Ga babba kuma, rawayar tafin hannu ba tare da yawan cin waɗannan abubuwa ba tana sa mu gwada suga da maƙoƙo.

Wata mai juna biyu daga Lugbe: An ce salmon na gina ƙwaƙwalwar jariri, kuma mafi ja shi ya fi amfani. Ba ni da halin saye. Akwai kuma masu tallar ƙwayar astazantin.

Amfanin da ake magana man omega-3 ne, kuma ba shi da launi. Jan nama ba ya nuna yawansa. Titus da sadin da shawa da za ki samu a kasuwar kifi ta Kado suna da wannan mai sosai, kuma suna cikin kifayen da ba su tara gubar makuri da yawa. Ki ci sau biyu zuwa uku a mako, dafaffe sarai. In kin samu salmon a gidan biki, ki guji ɗanyensa da mai hayaƙin sanyi wanda ake yankawa siriri, saboda ƙwayar cutar listeriya da ke iya ɓarar da ciki. Ƙwayar astazantin kuwa ki bar musu kayarsu. Jikin mutum ba ya mai da ita bitamin A, kuma ba ta maye gurbin folik asid da maganin ƙarin jinin da aka ba ki a wajen awo.

Abin da ya fi damuna da kifin garin nan ɗauke wutar lantarki ne. Titus da ya narke ya jima a zafi kan tara wani sinadari mai suna histamin, wanda dahuwa ba ta kashewa. Minti kaɗan bayan ci sai fuska ta yi ja, kai ya sara, jiki ya ɗau ƙaiƙayi. Ki sayi wanda yake daskare ƙam kamar itace, ki shinshina, ki danna da yatsa bayan ya narke. In ramin yatsan ya zauna bai taso ba, kada ya shiga tukunyarki.