Tambaya da Amsa: Maganaɗisu zai iya faɗa mana yawan yumɓun ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina nazarin ƙasar cikin garin Zariya. Samfurori sun yi mini yawa, ga awon yashi da yumɓu da haidromita, wato 'yar na'urar da ake tsomawa cikin ruwan da aka dama ƙasa a ciki, yana cin lokaci. Na ji an ce na'urar awon maganaɗisu tana iya maye gurbinsa. Haka ne? Daga wata ɗaliba a Samaru.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Za ta rage miki aiki, amma ba za ta ɗauke miki shi ba. Na'urar ba ƙwayar ƙasa take aunawa ba, burbushin ma'adanan ƙarfe da ke cikinta take ji, musamman magnetait da magemait. Inda waɗannan suke tafiya tare da yumɓu, awon zai nuna miki yumɓun. Inda suka raba hanya, sai ya ɓatar da ke.

Ga yadda ake yi. Ki ɗebi ƙasar sama da cokalin roba, kada ƙarfe ya taɓa ta. Ki shanya ta a inuwa, ko a zafin da bai wuce digiri 40 ba, domin zafi mai yawa yana sauya ma'adanan. Ki tankaɗe da rariya mai idon milimita 2, ki danƙara ta cikin 'yar robar mililita 10 har ta cika, ki rubuta nauyinta. Na'urar awon maganaɗisu ta Bartington MS2B tana awo a matakan saurin kaɗawa biyu: kilohaz 0.47 da 4.7. Ki cire sakamako na biyu daga na farko, ki raba da na farko, ki ninka da 100. Ƙasa da kashi 2 cikin ɗari na nufin kusan babu ƙwayoyin ma'adanan ƙarfe masu matuƙar ƙanƙanta, waɗanda ba su kai maikiromita 0.03 ba (maikiromita ita ce kashi ɗaya cikin dubu na milimita). Daga 2 zuwa 10 gauraye ne, 10 zuwa 14 su ne suka rinjaya. Abin da ya haura 14 kuwa, ki fara zargin kuskure. Ki riƙa ɗaukar karatun na'urar babu komai a cikinta sai iska kafin kowane samfuri da bayansa, saboda karatun na'urar yana zamewa idan ɗaki ya ɗumama, ki kuma nisanta ta da teburin ƙarfe da janareto.

Babban aikin shi ne daidaitawa. Ki ware samfurori kamar 30, ki auna su ta hanyoyin biyu, ki fitar da alaƙar. Sannan ki gwada ta kan wasu da ba su shiga lissafin ba. In ta faɗi daidai, sai ki dogara da ita ga sauran.

A nan ne cikin gari yake wahalarwa. Ƙurar birki, hayaƙin salansa da tartsatsin walda suna zubar da manyan ƙwayoyin ƙarfe, don haka ƙasar bakin titi a Kwangila ko kusa da garejin makanikai a Sabon Gari za ta ba da babban karatu ko da yashi ce zalla. Inda ake ƙona bola kuma, wuta tana haifar da ƙananan ƙwayoyin magemait, sai ki zaci yumɓu ya ƙaru alhali bai ƙaru ba. Jar marmara, duk da ƙarfen da ke cikinta, yawancinsa hematait ne da gotait, waɗanda ƙarfin maganaɗisunsu kaɗan ne. Ga kuma ƙurar hunturu da ke sauka kowace shekara, da ƙasar ciko da maginan gida ke kwasowa daga wani wuri.

Shi ya sa muke ganin kuskure ne a yi wa Zariya duka lissafi ɗaya, balle a aro wanda aka fitar a Ingila. Ki raba samfurorinki: bakin titi daban, unguwanni daban, fadamar Kubanni daban, ki fitar wa kowanne nasa. Rukunin da alaƙarsa ta yi rauni, ki koma masa da haidromita.