Taimakon masu kasa biyan kuɗin haya a Gombe

Malam, ka tambayi yadda ƙungiyarku ta unguwar Pantami za ta agaza wa waɗanda ake kora daga gidan haya. Ku ajiye maganar gina gidaje tukuna, siminti kaɗai zai karya ku. Abin da ke kayar da talaka shi ne kuɗin shekara a dunƙule, ga gari ya cika tun da Gombe ta zama jiha a 1996, 'yan gudun hijirar Borno da Yobe kuma suka ƙaru. Ku buɗe asusu, ku biya wa ɗan acaɓa shekarar, ya riƙa mayarwa wata-wata ba kuɗin ruwa. A rubuta gaban liman da mai unguwa, don bashin baka rigima ne. Gwauruwa mai marayu kuwa zakka za a ba ta, kada a bi ta bashi.