Za mu zaga Sifaniya a mota mai ɗaki, ya hukuncin sallarmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni a Jamus nake zaune shekara tara kenan, wannan hutun bazarar ni da maiɗakina da yara uku muna so mu sauka Malaga ta jirgi mu ɗauki hayar irin motar nan mai ɗaki a ciki, da gadaje da murhun gas da ɗan banɗaki, mu zaga kudancin Sifaniya sati uku, Garnaɗa da Kurɗuba da Ishbiliya. To wani abokina yace wai ba ni da kasaru tunda gidana na tare da ni, nan zan kwana nan za a yi girki, kuma wai yawon buɗe ido ba tafiyar shari'a bace. Dan Allah Malam a warware min, har da sallah a cikin motar, da banɗakin da ba ka san ina ya kalla ba, sannan zan iya raka'a biyu a tsohon masallacin Kurɗuba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Ɗan'uwa, maganar abokinka tana da asali, sai dai ba nan ne gurbinta ba. Tun da can malamai sun tattauna kan matuƙin jirgin ruwa da yake yawo da iyalinsa, tukunyarsa da tabarmarsa duk a cikin jirgin. Hanbalawa suka ce in ba shi da wani gida sai jirgin toh ba zai yi kasaru ba, don bai bar gida ba balle a ce masa matafiyi. Malikawa kuma suka ce zai yi, Shehu Halil ya faɗe ta ƙarara a Muhtasar, "wa in nutiyyan bi ahlihi", wato ko da matuƙin jirgi ne tare da iyalinsa. Kai kuwa ko a wajen Hanbalawan ba ka shiga wannan hukunci ba, gidanka na Jamus yana nan ka kulle ka zuba makulli a aljihu, motar ta haya ce ta sati uku. Sahabbai da suke fita da Annabi (SAW) hema suke kafawa su dafa abinci su kwana, kuma raka'a bibbiyu suke yi. Samun sauƙi a hanya ba ya ɗauke rangwame, Sayyidina Umar da kansa ya yi mamakin yin kasaru bayan an samu aminci alhali ayar Suratun Nisa'i ta 101 ta ambaci tsoro, da ya tambaya sai Annabi (SAW) yace masa sadaka ce Allah ya yi muku, ku karɓi sadakarsa, hadisin yana Muslim.

Batun yawon buɗe ido kuma, gaskiya ne a mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya fita don saɓo ba shi da kasaru, wanda ya fita don wargi tsagwaronsa makaruhi ne ya yi. Amma ni abin da na gamsu da shi, mutumin da ya shekara yana aiki a ƙasar sanyi ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa su huta su ga ƙasar da Musulmi suka shiga a 711 suka zauna har 1492, wannan ba wargi bane, in ya gyara niyya ma ya shiga cikin ayar "ƙul siru fil ardi fanzuru", wato ka ce ku yi tafiya a cikin ƙasa ku duba. Sai dai ka san bakin tekun Malaga da Marbella lokacin zafi tsiraici ne a fili, kar ka kai idonka da na yaranka can da rana tsaka ka ce ai tafiyar halal ce.

Inda nake so ka natsu shi ne nan, don nan masu irin wannan mota suka fi kuskure. Daɗin motar a wajensu shine ba tsari, yau a tashi a bi hanya duk inda ya yi kyau a tsaya. Toh a fiƙihu wanda ya fita bai nufi ko'ina ba sunansa ha'im, shi da makiyayi mai neman ciyawa wanda bai san inda zai same ta ba hukuncinsu ɗaya, ba sa kasaru sai in sun san lallai za su ci nisan kasaru kafin su tsaya. Nisan kuwa buridi huɗu ne, mil 48, kilomita 80 da ɗoriya a lissafin yau, shi Ibn Umar da Ibn Abbas suke aiki da shi. Kai alhamdu lillahi ka ambaci garuruwanka, Malaga zuwa Garnaɗa ya haura kilomita 120, Garnaɗa zuwa Kurɗuba ya haura 160, Kurɗuba zuwa Ishbiliya wajen 140, duk sun wuce. Tun daga Jamus kai matafiyi ne kuma kana nan a haka ko da wata ranar kilomita 30 kawai ka matsa, matuƙar ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya ba. Ranar da ka shiga sansanin motoci a Garnaɗa ka biya kuɗin kwana shida, toh daga isarka ka zama mazauni, huɗu-huɗu za ka yi, kuma in ka tashi daga nan ba za ka koma kasaru ba sai in inda ka nufa ya kai nisan nan. Hanafawa sun ce kwana 15, amma kai ka tsaya a huɗun, ya fi kusa da hadisin da aka yi wa muhajiri izinin kwana uku kacal a Makka bayan gama aikin hajji.

Farilla ba a yin ta mota na tafiya, Annabi (SAW) nafila yake yi a kan raƙumi, in farilla ta zo sai ya sauka. In motar tana tsaye kuma rufinta ya isa ka miƙe ka yi ruku'u da sujada ka kalli alƙibla, sallarka ta yi a ciki, in lungun ya matse ka fito da darduma waje. Alƙiblar can gabas ce da ɗan karkatawa kudu, ka duba a waya. Haɗa azahar da la'asar, da magariba da isha, ya halatta ranar da kuke kan hanya, kuma za ka buƙace shi don a watan Yuni da Yuli rana ba ta faɗuwa a Ishbiliya sai bayan tara da rabi na dare, ga zafin da yake haura maki 40 a Kurɗuba. Juma'a ba ta wajaba a kanka ba amma in ta same ka a Garnaɗa ka hau unguwar Albaisin, akwai masallacin da aka buɗe a 2003 yana kallon fadar Alhamra, ka kai yaran. Duk sanda ka bi liman mazauni a azahar ko la'asar ko isha sai ka cika huɗu tare da shi.

Banɗaki ba matsala. Hanin fuskantar alƙibla lokacin biyan buƙata a wajen Imam Malik da Shafi'i na fili ne, Ibn Umar ya hango Annabi (SAW) a gidan Hafsa yana biyan buƙata ya fuskanci Sham ya ba Ka'aba baya, naka kuwa a rufe yake ta ko'ina. Ƙarancin ruwan tanki kuma ba ya ba ka taimama tunda ga gidan mai ga famfo a sansani, ka koya wa yaran alwala da ƙaramar gora, mudu ɗaya Annabi (SAW) yake alwala da shi, bai kai lita ba. Ƙazantar motar ka zubar inda aka tanada, zubar da ita a gefen hanya ko gonar zaitun ta mutane haramun ne, haka inda hukumar gari ta hana kwana ko baza kujeru ka bi doka, da amana ka shiga ƙasarsu. Abinci ka kula, cinyoyin alade ne a rataye a kusan kowane kanti, har wasu kayan zaƙinsu da kitsen alade ake yi, in ka ga an rubuta manteca de cerdo ka ajiye. Ga kifi, ga mahautan 'yan Maroko a manyan garuruwan.

Sai Kurɗuba. Wallahi na san abin da kake ji. Garin Yahaya bin Yahaya Allaisi ne, wanda ruwayarsa ta Muwaɗɗa muke karantawa a zaurukanmu, can ya rasu a 234 bayan hijira, garin su Ibn Abdil Barr da Ibn Rushd da Ƙurɗubi mai tafsiri. Sarki Abdurrahman Addakil ya fara ginin masallacin wajen 785 miladiyya, garin ya faɗi a hannun Kirista a 1236 aka mai da masallacin coci, daga baya ma aka gina babbar majami'a a tsakiyarsa, kuma har yau a hannun cocin yake ba sa barin Musulmi ya yi sallah a ciki, a 2010 sai da aka yi rikici da masu gadi aka kama wasu baƙi kan haka. Shiga don gani da ɗaukar darasi ya halatta a wajen malamai da yawa, amma kar ka tayar da kabbara, sallah a wurin da akwai gumaka makaruhi ce, Ibn Abbas ba ya yin ta a cocin da gumaka suke, ga kuma fitinar da za ka jawo wa Musulmin da suke zaune a garin bayan kai ka tada motarka ka wuce. Ka tsaya gaban mihrabin ka nuna wa yaranka ayoyin da har yanzu suke rubuce a jikinsa, ka yi wa waɗanda suka yi sujada a wurin addu'a a zuciyarka, wannan ba mai hana ka, in lokacin sallah ya yi akwai ƙananan masallatai a garin sai ka nemi ɗaya.

Wallahu a'alam.